Zuwa ga Malamin da Ya Ce Muna Koya wa Yara Duba

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam.

Ban ji shirinka na daren Laraba ba lokacin da ake yin sa, ina kan hanya. Mahaifiyata ce ta ji. Washegari da sassafe ta kira ni, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ashe duba ka koma yi a Kanon?" Matar da ta sayar da awakinta ta biya mini kuɗin jarrabawa ke nan take yi mini wannan tambaya, muryarta na rawa. Sai da na nemo shirin na saurara har sau biyu, don kada in ɗora maka abin da ba ka faɗa ba.

Abubuwa uku ka tambaya game da manhajar da muke ginawa don koya wa yara taurari. Ka ce sama kyauta Allah ya shimfiɗa ta, to don me za a ɗaura wa yaro "takunkumin ido" mai tsada don ya ga abin da ke bisa kansa? Ka ce wa ke ba mu kuɗi? Sannan ka sassauta murya, ka ce wannan koyar da taurari, shin ba duba ba ne aka sa masa rigar boko? Ka rufe da cewa kai tambaya kawai kake yi. Malam, mun san irin wannan tambayar. A garin nan idan mutum mai rawani irinka ya haɗa sunan wani da duba a gidan rediyo, ba amsa yake jira ba, ya riga ya yanke hukunci. Magana zarar bunu ce.

Da ta ukun zan fara, don ita ce ta hana ni barci.

Ga abin da muke ginawa, tunda ba ka bayyana wa masu sauraro ba. Manhaja ce ta fasahar da ake kira VR. Mutum ya sa wani abu kamar tabarau a fuska, sai ya ga kansa tsaye a fili cikin dare, duk inda ya juya kai sama ce. Taurarin da ke ciki ba mu muka watsa su yadda muka ga dama ba. Mun ɗauko matsayin kowanne da ƙarfin haskensa daga kundin Hipparcos, wanda hukumar sararin samaniya ta Turai ta fitar a 1997, mai taurari wajen 118,000. Muka tace, muka bar waɗanda ido ke iya gani, kimanin dubu tara a faɗin sama duka. Ka ba manhajar gari da rana da sa'a, ta lissafa maka abin da zai kasance a sama. Idan yaro ya tsayar da idonsa a kan wani tauraro, sai murya ta faɗa masa sunansa da Hausa in yana da shi, da na Larabci, da nisansa, da lokacin fitowarsa. Shi ke nan. Ba ta tambayar sunan uwarka. Ba ta tambayar ranar haihuwarka. Ba ta ce da kowa ya ɗaga aurensa ko ya fasa tafiya. Ɗan duba da zai yi sana'a da wannan manhaja, da yunwa zai kwana.

Kuma ina jin kunyar tuna maka abin da kai ka fi ni sani. Malamanmu sun daɗe da raba ilimin tafiyar taurari, wanda ake gane alƙibla da lokaci da hanya da shi, da kuma da'awar cewa taurari na da tasiri a kan rabon mutum. Aya ta 16 a Suratun Nahli ta ce da taurari suke shiryuwa. Aya ta 5 a Suratu Yunus ta ce an ƙaddara wa wata masaukai don mu san adadin shekaru da lissafi. Shi'ira, tauraron da ya fi kowanne haske da dare, an ambace shi da sunansa a Suratun Najmi. Yara nawa ne a islamiyyunmu suka haddace wannan aya, kuma nawa ne cikinsu za su iya nuna maka shi da yatsa? Ni dai na haddace ta ina ɗan shekara goma, ban san tauraron da ake nufi ba sai da gemu ya fito mini.

Na san inda za ka kama ni: hadisin da ya tsawatar wa masu cewa an yi mana ruwa saboda tauraro kaza. Mun san shi, kuma a kansa muka fi daɗewa muna gardama a tsakaninmu. Domin a cikin manhajar akwai masaukan wata 28 da manomanmu da malaman zaure ke lissafin shekara da su, su Suraiya (wato Kaza da 'ya'yanta), Dabaran, Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, kowanne kwana 13, ban da Jabha mai 14, a haɗa a sami 365. Wasu cikinmu suka ce a cire su gaba ɗaya a huta. Na ƙi. Muka zauna da malamai biyu, muka bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya. Babu inda aka ce tauraro na kawo ruwa. Abin da aka ce shi ne a irin wannan lokaci aka saba ganin ruwa ya zauna, kamar yadda za ka ce a watan Agusta ake marka ba tare da ka bauta wa Agusta ba. Da ka buga mini waya kafin ka shiga ɗakin watsa shiri, da na turo maka rubutun ka gyara mana da jan biro. Kana da lambata.

In ma tsoron camfi ne ya dame ka, to a gefe ɗaya muke, ko da ba ka so. Darasin da yara suka fi so shi ne na Zara da Gamzaki. Duk Bahaushe ya san Zara matar wata, mai fitowa yamma bayan magariba, ya san Gamzaki mai fitowa gabas kafin alfijir. Muna sa kwanaki su yi gudu a gaban yaro, ya ga Zara tana kusantar rana kullum har ta ɓace, bayan 'yan kwanaki ta ɓullo ta gabas da asuba. Abu ɗaya ne, Zahra, kuma ba ma tauraro ba ce, duniya ce mai kewaya rana kamar tamu, zagayen nan nata na ɓata da bayyana yana ɗaukar kwana 584. Haka darasin husufi. Waɗanda suka ga rana ta yi duhu a Katsina ran 29 ga Maris, 2006 suna tuna yadda hankalin mutane ya tashi, alhali an san ranar da sa'ar tun shekaru kafin ta zo. Yaron da ya ga inuwar wata tana tafiya a kan ƙasa da idonsa, ba za a ruɗe shi da cewa wani babba ne zai mutu ba. Ka fi ni sanin abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa game da husufi ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Yanzu maganar cewa sama kyauta ce. Gaskiya ne, kuma jimla ce mai daɗin faɗa a rediyo. Amma yaushe rabonka da ka fito tsakar gida da dare ka ɗaga kai? A unguwarmu, tsakanin fitilun sola da hayaƙin janareto da ƙurar hunturu, in ka ƙirga taurari talatin ka yi ƙoƙari. A ƙauye kuwa sama tana nan garau, masu sanin sunayenta ne ke ƙarewa. Bara muka je wani ƙauye gabas da Gumel wurin wani dattijo da aka ce ya san taurari. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a bayan gari, ya hana kowa kunna tocila, ya ce ido sai ya huce tukuna. Da gaskiyarsa, ido na bukatar minti ashirin zuwa talatin kafin ya saba da duhu. Ya yi ta nuna mana da sandarsa har sanyi ya kore mu, yana faɗin wanda in ya faɗi da magariba ake fara sharar gona, da wanda matafiya ke sa wa a kafaɗar hagu in za su gabas. Jikokinsa na zaune gefe suna latsa waya. Batirin na'urar ɗaukar maganarmu ya mutu a tsakiya, muka ce za mu dawo bayan salla. Da muka koma, ta'aziyya muka yi. Abin da muka ɗauka a daren nan bai kai minti arba'in ba, kuma shi ne duk abin da ya rage.

To sama kyauta ce, Malam, amma wannan dattijon ba ya dawowa.

Na yarda na'urar tana da tsada. Irin ta kamfanin Meta, mai araha cikinsu ta fito a 2024 a kan dala 300, albashin malamin firamare na watanni ke nan. Shi ya sa ba a kanta muka dogara ba. Tun 2014 Google ya nuna cewa kwali da gilashi biyu da wayar hannu sun isa, kuma wannan hanyar muka bi. Tana da nata ciwon kai. Yawancin wayoyi masu araha ba su da 'yar na'urar da ke gane juyawar kai, don haka waya ɗaya mai kyau ce ke zagaya aji guda. Gwajinmu na farko kuwa abin kunya ne. Mun sa mutum yana shawagi a tsakanin taurari don burgewa, sai ga wani yaro ya cire kwalin ya yi amai a gaban allo, saboda ido na ce masa yana tafiya, jiki na ce masa yana zaune. Muka cire shawagin. Taurarin ma da farko ƙyaftawa suke kamar ƙwan lantarki mai shirin mutuwa duk lokacin da aka motsa kai, don kowannensu ya fi ɗigon allon waya ƙanƙanta. Wata biyu muka yi a kan wannan kaɗai. Da waɗannan ka soke mu da su, da na ce ka yi bincike.

Kuma ba don yaro ya zauna cikin kwali muka yi ta ba. Kowane darasi minti bakwai ne, yana ƙarewa da aiki: yau bayan isha'i ka fita, ka fuskanci wuri kaza, ka nemo abu kaza. Wata yarinya 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare ta sa kwalin, ta yi ta juyi tana laluben iska da hannu, can sai ta yi tsalle ta ce, "Ga Kaza da 'ya'yanta!" Ta ƙirga shida. Washegari ta zo tana cika baki, wai ta sa babanta ya kashe fitilar tsakar gida, ta gan su da idonta, kuma kakarta ta ce bakwai ne, sun kwana suna musu. Wannan musun nake nema. Littafin da ke jakarta bai taɓa gaya mata cewa daga Kano tauraron arewa yana can ƙasa-ƙasa, digiri 12 kacal daga doron ƙasa, kamar dunƙulen hannu guda da ɗoriya, ko cewa muna ganin Suhailu a kudu wanda mutumin Landan ba zai taɓa gani daga gidansa ba.

Batun kuɗi ba shi da tsawo. Mu huɗu ne, kowa na da aikin da yake ci da shi, wannan da dare muke yi. Mun sami tallafi sau ɗaya, ya sayi wayoyi biyar da batir, takardun suna nan ga mai son gani. In da Turawa na zuba mana kuɗi kamar yadda ka bari a fahimta, da ba a babur ɗin haya zan zo taron da muka haɗu ba.

Af, taron. Ka manta ne? Wata huɗu da suka wuce ka tsaya a teburinmu, ka tura hula baya, ka sa "takunkumin" da hannunka. Mutane na layi a bayanka ka ƙi cirewa, kana ta faɗin "Allahu Akbar, ga Suraiya!" Hoton yana shafinka na Facebook har yanzu, sai dai in ka goge shi da safen nan. Bayan kwana biyu ka aiko a tambaye mu ko akwai kwamitin masu ba da shawara, da kuma ko akwai ɗan abin zama. Muka ce shawara muna so, abin zama ne babu. Ba na cewa wannan ne ya mai da falaki ya zama duba a cikin wata huɗu. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Abin da ya fi ci mini rai ya wuce kai kaɗai. Shekara da shekaru manyanmu na hawa mumbari da kujerun taro suna kukan cewa Hausa ba ta da kalmomin kimiyya, yaranmu sun zama 'yan kallo, an bar mu a baya. Ana tuna mana da Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya yi suna a lissafi da falaki har ya rasu a Alƙahira a 1741, ana tafi. Ƙasar nan ta harba tauraron ɗan'adam tun 2003. Duk shekara muna zuba ido mu ji sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, amma tara samari goma ka tambaye su ta wace kusurwa jinjirin wata ke tsayawa, da minti nawa yake yi kafin ya faɗi, ka ji amsoshi. Sai wani ya tashi ya ce bari ya gwada, da aljihunsa, da harshen uwarsa. Nan take waɗanda suka fi kowa kuka su ne za su fara tambayar wa ya aiko shi. Da manhajar da Turanci take, da sunayen gumakan Girka a kan kowane rukunin taurari, na rantse ba wanda zai kira ta duba. Cewa za a yi yaron nan ya iya kwamfuta. Laifinmu shi ne mun ce Gamzaki.

Ga gayyata. Cikin Disamba, daren da babu farin wata, in ƙura ta lafa, za mu fita bayan gari da ɗalibai. Wajen ƙarfe goma Kaza na kusan tsakiyar ka, Shi'ira ya taso ta gabas. Ka zo da bargo, mu za mu kawo shayi da kwalin. Ka duba ciki, ka cire, ka duba sama, in ka sami tauraro ɗaya da muka ajiye ba a wurinsa ba, ko jimla ɗaya mai warin duba, ka faɗa wa duniya, ni kuma in rufe aikin.

In ba ka samu ba, ina roƙon abu guda. Kada ka ba ni amsa a rubuce. Hajiya ba ta karanta intanet, rediyo take ji, daren Laraba, bayan labaran ƙarfe tara.

Wassalam.
Ɗalibinka, mai kwalin.