Batun Super League, mu ƴan gidan kallo ma a ji ta bakinmu

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ni mai sauraron filinku na wasanni ne tun da daɗewa, kuma abun da yasa na ɗauki waya nake rubuto maka shine maganar da akayi a shirinku na makon jiya da aka sake tado zancen Super League, inda ɗaya daga cikin baƙinku yace wai duk magoya bayan ƙwallo na duniya sunyi watsi da ita baki ɗaya. To ranka ya daɗe wannan magana akwai gyara a cikinta. Waɗanda suka fito kan titi a Landan da Manchester da Liverpool kam sunyi watsi da ita, amma mu nan da muke biyan kuɗi a bakin ƙofa mu zauna kan benci muna kallo, wallahi kanmu a rabe yake har gobe, kuma nayi mamaki da ba wanda ya taɓo wannan ɓangaren a shirin.

Bari in ɗan tuna wa wanda ya manta. Daren Lahadi ne 18 ga Afrilu 2021, muna cikin azumi, kulob goma sha biyu suka fitar da sanarwa cewa sun kafa gasarsu ta kansu, shida daga Ingila wato Arsenal da Chelsea da Liverpool da Man City da Man U da Tottenham, uku daga Sifaniya Madrid da Barca da Atletico, sai uku daga Italiya Juventus da AC Milan da Inter. Tsarin shine kulob 20 zasu ringa bugawa a tsakiyar mako, 15 daga ciki kujerar dindindin garesu ba mai fitar dasu ko da kuwa sune na ƙarshe a teburi, biyar kacal aka bar wa sauran duniya su yi ta kokawa a kai. Bankin JP Morgan na Amurka ne zai zuba kuɗin, ana maganar yuro biliyan 3.5 da waɗanda suka kafa zasu raba tun kafin a taɓa ƙwallo, Florentino Perez na Madrid shine shugaba. Bayern da Dortmund da PSG sukace ba dasu ba. Kwana biyu abun yayi ya watse, magoya bayan Chelsea suka tare hanyar motar ƴan wasansu a Stamford Bridge ranar wasan Brighton har sai da tsohon golansu Petr Cech ya fito yana roƙonsu, kafin gari ya waye duk na Ingila shidan sun janye, mai Liverpool John Henry ya fito a bidiyo yana bada haƙuri.

To a cikin kwana biyun nan me ake cewa a wajenmu? A gidan kallon unguwarmu bayan tarawihi mutane sun kasu, kuma in gaskiya za'a bi waɗanda sukace suna so basu da kaɗan. Hujjarsu mai sauƙi ce kuma ban raina ta ba. Wani matashi ɗan Madrid yace shi fa kuɗinsa yake biya, kuma a ganinsa asara ce ya biya ya zauna cikin zafi da hayaƙin janareta yana kallon Burnley da Crystal Palace, in dai za'a bashi Madrid da Liverpool yau, mako mai zuwa Barca da Man City, to ina ruwansa da wani Bature da kakansa ya gada masa kujera a filin wasa. Shi kansa mai gidan kallon murna yake, don shi ya san ranar da ake babban wasa har a waje ake tsayuwa ana leƙe ta taga, mai shayi da mai tsire na bakin ƙofa duk ranar kasuwarsu ce, ranar da kuwa ƙananan kulob ke bugawa da ƙyar yake maida kuɗin fetur balle na biyan tashar. In kace wa wannan mutumin ƙwallo ta magoya baya ce ba ta masu kuɗi ba sai ya kalleka kawai.

Kuma Malam Edita abun da mutane basu lura ba shine, mu ɗin nan mune kasuwar da su Perez suka hango. A sanarwarsu ta farko ma cewa yayi ƙwallo nada masoya sama da biliyan huɗu a duniya, ai ba ƴan unguwar Anfield yake nufi ba, mutum dubu nawa ne filin zai ɗauka gaba ɗaya? Mu yake nufi, da ƴan Indiya da China da ƙasashen Larabawa da Amurka, masu kallo ta talabijin da waya, waɗanda basu taɓa taka Madrid ba kuma watakila bazasu taka ba har abada. Da sunanmu akayi cinikin amma ba wanda ya tambaye mu, da abun ya rushe kuma aka ce magoya baya sunyi nasara, nan ma ba'a tambaye mu ba.

Ni dai ra'ayina, kuma ɗan Arsenal ne ni tun zamanin Kanu, ban so ta ba kuma har yanzu bana sonta. Ka duba fa, lokacin da aka sanar da abun nan Arsenal na tsakiyar teburi tana fama, a ta takwas muka gama kakar, shekarar da ta biyo baya ko gasar Turai ɗaya bamu je ba, rabon da haka ta faru shekara 25. Tottenham kuwa rabonta da ɗaukar lig tun 1961, washegarin sanarwar ma korar Mourinho sukayi. A daidai wannan lokacin Leicester su Ndidi da Iheanacho suna saman mu nesa ba kusa ba, West Ham ma haka, wata ɗaya bayan nan Leicester ta doke Chelsea ta ɗauki kofin FA. To da wane ido zan kalli ɗan Leicester ince ni ina da kujerar dindindin a babbar gasa shi kuma sai dai yayi ta addu'a ya samu ɗaya daga cikin guraben nan biyar? Hausawa sunce kowa ya ci zomo ya ci gudu, su kuma so suke a kawo musu zomon a gashe har gida saboda sunan da iyayensu suka bari. In suna ne ma ai Nottingham Forest ta ɗauki kofin zakarun Turai sau biyu a 1979 da 1980, Aston Villa ta ɗauka a 1982, Ajax sau huɗu, mu Arsenal da Tottenham da aka saka a ciki a lokacin ko ɗaya bamu dashi, ashe ba tarihi aka duba ba, yawan masu sayen riga aka duba.

Sannan waɗanda ke cewa suna son babban wasa kullum, ina ganin basu tsaya sun tambayi kansu me ke kai su gidan kallo ba. Ba ƙwallon kaɗai bace, in ƙwallon ce kawai ai da safe zaka ga duk ƙwallayen da aka ci a waya da data kaɗan. Tsoro ne ke kai mu, da tsiya. Zaka ga mutum magidanci da iyalinsa ya kasa cin abincin dare don ƙungiyarsa na buƙatar maki uku ta shiga huɗun farko, ana minti na 88 ya miƙe tsaye ya dafe kai ana ta masa ihu daga baya malam zauna ka tare mana, in aka zura musu sai ya sulale ta ƙofar baya tun kafin rafali ya hura tashi, ya kashe waya, washegari ya canja hanyar zuwa kasuwa don kar ya bi ta majalisar ƴan adawa. Wannan abun shine ƙwallo a wajenmu. A gasar da ba'a korar kowa, in Arsenal tasha kashi biyar a jere me zai faru? Babu. Badi tana nan, kuɗinta na nan, masu kulob ɗin hankalinsu kwance, to ni akan me zan hana kaina barci.

Kuma babban wasa da ake ta zumuɗi, ƙarancinsa ne ke sa shi daɗi, kamar naman layya ne, da kullum ake yanka rago a gida ba wanda zai ringa ɗokin babbar sallah. Madrid da Liverpool in suka haɗu sau ɗaya bayan shekaru gari ya ɗauka tun ranar da aka raba jadawali, amma a maida shi duk shekara gida da waje ba fashi, kafin kaka uku zakaji ana cewa su kuma dai. Dararen da har yanzu ake labarinsu a gidan kallo ma yawanci ba na manya da manya bane. Ranar da yaran Ajax suka je har Bernabeu suka zuba wa Madrid 4-1 a 2019, da ranar da Sheriff ta ƙasar Moldova, kulob ɗin da rabin ɗakin basu taɓa jin sunansa ba, ta ci Madrid 2-1 har gidan Madrid ɗin wata biyar kacal bayan Perez yace ƙananan wasanni basa jan mutane, da ranar da Chukwueze ya ci ƙwallon da Villarreal ta fitar da Bayern a 2022, da daren da Lookman ya zura uku rigis a wasan ƙarshe na Europa a 2024 Atalanta ta karya Leverkusen da ba wanda ya doke ta duk kakar. Ka lura kuma yaranmu ƴan Najeriya yawanci ta irin waɗannan kulob ɗin suke fitowa duniya ta sansu, in aka rufe ƙofa aka tattara kuɗin duka a hannun sha biyar to su ne farkon waɗanda za'a bari a waje.

Amma fa kar a ɗauka ina wanke hukumar ƙwallon Turai UEFA ne, don su ma gwano ne baya jin warin jikinsa. Shugabanta Ceferin ya fito yana kiran mutane macizai, alhali a ranar ne hukumarsa ta amince da faɗaɗa Champions League zuwa kulob 36, gashi tun kakar 2024/25 kowa na buga wasa takwas a zagayen farko maimakon shida kuma manya na haɗuwa da manya tun daga farawa, wato rabin abun da su Perez suka nema an basu ta bayan gida. FIFA ma ta kawo nata kofin duniya na kulob mai ƙungiya 32 a Amurka a 2025 da kyautar dala biliyan ɗaya, ƴan wasa ko hutun kirki basu samu ba. A Disambar 2023 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa dokokin da UEFA da FIFA suka kafa na hana wani shirya gasa sai da izininsu sun saɓa doka, kamfanin A22 da ke tallata Super League ya fito a ranar da sabon tsari na kulob 64 mai hawa da sauka har da alƙawarin kallo kyauta a intanet. Wallahi da aka ambaci kyautar nan ƴan majalisarmu da yawa sun sake komawa bayansu, kuma ban ga laifinsu ba, duk wanda ya san yadda kuɗin kallo ke tashi kusan duk shekara zai gane. Ni dai tambayata ita ce wanda ya nemi rufe ƙofa a 2021 ya buɗe ta ne don ya tuba ko don an fi ƙarfinsa, kuma kyautar ta shekara nawa ce kafin a dawo a ce a biya.

Wani abu da na so ace kun taɓo a shirin shine namu na gida. A nan Afirka ai anyi irinta kuma da hannun shugaban FIFA Infantino da kansa, wanda hukumarsa taƙi ta Turai. A 2023 aka buga African Football League da kulob takwas da aka zaɓo, Enyimba ce ta wakilci Najeriya Wydad ta fitar da ita tun zagayen farko, Mamelodi Sundowns ta ɗauki kofin da dala miliyan huɗu. Ba wanda ya tare titi, ba wanda ya ɗaga kwali, da yawanmu ma bamu san ana yi ba don a lokacin hankalinmu na kan Firimiya. Kuma duk wanda ke Kano a 2022 lokacin da Pillars ta faɗa rukunin ƴan dagaji, ƙungiyar da ta ɗauki lig sau huɗu, ya san yadda garin yayi, ya kuma san murnar da akayi da ta dawo a 2023. Da ace akwai dokar da ta hana Pillars faɗuwa saboda yawan magoya bayanta da ba'a ji wancan ciwon ba, da kuma ba'a yi waccan murnar ba, ni kam na zaɓi a bar mana su duka biyun.

Don haka roƙona Malam Edita, in zaku sake ɗauko wannan batu dan Allah ku aiko wakilinku gidan kallo ko ɗaya ne a daren Talata ko Laraba, ya ji ta bakin mai gidan da masu biyan kuɗin shiga, ku kuma buɗe layin waya ko na minti goma ne, har da waɗanda ke goyon bayan Super League ɗin a basu dama su faɗi hujjarsu, ni zan kira in basu amsa in layin ya shiga. A gaishe min da duk ma'aikatan sashen wasanni, banda ɗan Chelsea ɗin nan mai karanta sakamako yana dariya duk ranar da aka ci mu.

Naku a kullum,
mai sauraro daga Kano