Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Kiwon Kajin Ado

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa maza da mata, assalamu alaikum.

Ga rahoton abin da muka yi da abin da ya gagare mu a shekarar da ta ƙare. Takardar shige da ficen kuɗi tana hannun Ma'aji, za a karanta ta daban ranar babban taro. Tarurrukan wata-wata an yi su duka in ban da na watan azumi.

Zan fara da kuɗin wata, tunda shi ne ya cinye mini shekarar. Waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabinmu ba. Wasu sun biya na watannin farko suka yi shiru, wasu kuwa tun kuɗin rajista ba a sake jin ɗuriyarsu ba, sai dai a zauren WhatsApp idan an sa hoton zakara. Na kira, na tura saƙo, na je har ƙofar gida na yi sallama aka ce mini Alhaji ya fita alhali ga motarsa a inuwa. Kuɗin nan bai kai farashin ƙwai guda ɗaya na Orpington, irin babbar kazar Turawan da muke kiwo, ba. Aikin nan na sa-kai ne, ba albashi ake biya na ba, kuma ni ma ina da akurkin da ke jiran shara.

Daga nan matsalar injin ƙyanƙyasa ta samo asali, don haka masu cewa an ci kuɗin inji su saurara. An sayi injin, an sayi farantin sola, suna ajiye a gidan Mataimakin Shugaba, duk mai so ya je ya gani. Batir ne ba a saya ba, domin kuɗinsa na aljihun waɗanda ba su biya ba. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ya ƙyanƙyashe, yana buƙatar zafin da bai wuce digiri 37.5 ba dare da rana, a riƙa juya shi har kwana na 18, sannan a ƙara masa danshi a kwanaki ukun ƙarshe. Sola in babu batir ba ta aiki da dare, wutar unguwa kuma kowa ya san halinta. Janareto aka ce a gwada, to tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wa zai kunna janareto mako uku a kan ƙwai? Kwamiti ya ga gara injin ya zauna a kwalinsa da a zuba masa ƙwai masu tsada su fito baragurbi. Saboda haka bana ma kajin Hausa muka sa wa ƙwan suka yi kwanci. Iyaye ne na ƙwarai, amma ƙaramar kaza ba ta rufe manyan ƙwai da yawa, kuma sai ranar da ta ga dama take kwanciya. Dalilin da ya sa jerin masu jiran 'yan tsaki bai tafi da sauri ba ke nan.

Sai ƙorafin da ya fi kowanne yawa a bana, wato na waɗanda aka ba 'yan tsaki baƙaƙe alhali masu ruwan toka suka rubuta. Ba yaudararku aka yi ba, kuma an yi wannan bayanin a taron da ba ku zo ba. Launin labanda, wato ruwan tokar da kuke nema, ɓoyayye ne a jini, ba ya fitowa sai ɗan tsako ya gaje shi daga uwa da uba gaba ɗaya. Idan aka haɗa labanda da labanda, duk 'ya'yan labanda ne. Idan aka haɗa labanda da baƙar kaza tsantsa, duk 'ya'yan baƙaƙe za su fito amma kowannensu na ɗauke da launin a ciki. Waɗannan ne aka raba muku. A mayar da su kan zakara labanda, kusan rabin 'ya'yan za su zo da ruwan tokar da kuke nema. A haɗa su junansu kuwa, kusan ɗaya cikin huɗu ne.

Me ya sa muka bi doguwar hanya? Ku duba wutsiyar zakarun da suka fara shigowa hannunmu. Gashin ya tsattsage, ya yi buzu-buzu, fikafikan wasu sun kakkarye tun ba su shekara ba. Wannan aibi sananne ne a wurin masu kiwon launin labanda a ko'ina, kuma yana ƙaruwa idan aka yi ta haɗa 'yan gida ɗaya. Maganin da masu kiwo suka sani shi ne a koma kan baƙar Orpington mai kyan gashi da cikar jiki. Ita ce ma tushen irin, ita William Cook ya fara fitarwa a garin Orpington na yankin Kent a Ingila a 1886, mai ruwan ƙasa-ƙasa ta biyo baya a 1894, labanda kuwa ta baya-bayan nan ce. Abin baƙin ciki, akwai mambobi biyu da suka yanka nasu baƙaƙen da Sallah saboda fushi. Allah ya amfana naman, amma aikin shekara guda ne ya shiga tukunya.

Yanzu bari in zo kan abin da ya faranta mana rai, wato ranar baje koli. Wanda bai zo ba ya yi asara. Tun da hantsi filin ya cika, kekunan hawa da Keke Napep na ta sauke keji, yara sun yi dafifi a bakin igiya. Likitan dabbobin da ya taimaka mana kyauta ya tsaya a ƙofa, ba kazar da ta shiga sai ya buɗe bakinta, ya duba ido da hanci, ya ɗaga fiffike ya nemi ƙuma. Kowa sai da ya tsoma takalminsa a ruwan magani, har Shugaba da babbar rigarsa. Wasu sun yi gunaguni, likitan ya tuna musu cewa murar tsuntsaye nau'in H5N1 a jihar Kaduna ta fara bayyana a 2006, karo na farko a Afirka, kuma kaji daga gidaje daban-daban a fili ɗaya ba abin wasa ba ne. Kaza biyu ya mayar gida, masu su ba su ji daɗi ba, amma bayan taron ba wanda ya kawo rahoton ciwo a akurkinsa.

Keji uku da ɓangaren mata suka jera su ne suka ja jama'a. Na farko baƙaƙe masu ɗauke da launin, na biyu labanda tsantsa, na uku shuɗiya irin wadda ake sayar wa mutane a kasuwa da sunan labanda. Hajiya shugabar mata ta ciro gashi ɗaya daga kowace ta ɗora a kan farin ƙyalle. Na shuɗiyar bakinsa na da duhu kamar an zizara masa kwalli, wuyan zakaranta ma ya fi jikinsa duhu. Na labanda kuwa launi ɗaya ne shar daga tushe har ƙarshe. Ta ƙara da cewa shuɗiya da shuɗiya ba sa haifar iri ɗaya, kusan rabi ne shuɗɗa, sauran baƙaƙe da farare masu ɗigo-ɗigo. Wani dattijo da ya zo da jikansa ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce shi dai launin zabuwa hurudu ya gani a jikin kaza. Nan take wasu baƙi biyu suka gane abin da aka sayar musu bara, aka yi ta dariya.

Zakaran da ya zo na ɗaya na ɗaya daga cikin matasanmu ne, ɗalibi, wanda ke kiwo a lungun bayan ɗakin mahaifiyarsa. Da aka ɗora shi a sikeli ya haura kilo 4, ƙirji a cike, wutsiya lafiyayya ba tsaga ko ɗaya, kuma jikan baƙar kaza ne. Ina roƙon masu ƙorafi su riƙe wannan. An yi masa tayin kuɗi mai tsoka a wurin, yaron ya ce na iri ne. Ɓangaren mata su suka kawo zoɓo da kunun aya daga aljihunsu, su suka share filin bayan an watse. Rumfa da kujeru kyautar uban ƙungiya ce. Allah ya saka musu da alheri. Mun sami sababbin mambobi a ranar, kuma har yau suna cikin masu biya a kan kari.

Asarar da muka yi a watan Afrilu ta zafi ce. Orpington kazar ƙasar sanyi ce, gashinta ya yi yawa, idan zafi ya haura digiri 40 a ƙarƙashin kwano za ka gan ta ta buɗe baki ta saki fikafikai. Waɗanda suka shimfiɗa zana ko kara a kan rufi, suka sauya ruwa da azahar, suka mayar da abinci safe da yamma, ba su rasa komai ba.

Rigakafin hunturu kuma rabi aka yi. Mun haɗu mun sayo maganin Lasota na rigakafin cutar Niyukasal da na cutar Gumboro daga cibiyar binciken dabbobi ta Vom, domin kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce kuma da zarar an dama ta ba ta wuce awa biyu. An sa rana, an zo da kula da ƙanƙara, mutane ba su fito ba, sauran maganin zubarwa aka yi. Cutar Niyukasal da iskar hunturu take yawo, kuma kajin maƙwabcinka da ke kiwo a sake ba su san katanga ba.

Littafin tsatso, inda muke rubuta iyayen kowace kaza, bai kammala ba. An raba zoben ƙafa, an raba takardar cikewa, ƙalilan ne suka dawo da ita. Baƙar kaza mai ɗauke da launin da wadda ba ta ɗauke da shi ido ba ya bambanta su, rubutu kaɗai ke bambanta su. Haka nan kaza kan riƙe irin zakara har mako biyu zuwa uku, don haka wanda ya sauya zakara ya tara ƙwai washegari bai san uban 'yan tsakinsa ba. Rajistar ƙungiya da hukuma ita ma tana nan a inda muka bar ta, kuɗin lauya ake jira.

Kwamiti zai gabatar da shawara uku a babban taro. Kuɗin da ya fara shigowa na batir ne. Wanda ake bi bashin da ya wuce wata uku za a cire shi daga jerin masu jiran 'yan tsaki har sai ya biya. Ba za a sake ba kowa ƙwai ko ɗan tsako ba sai ya dawo da takardar tsatsonsa. Za kuma a zaɓi wanda zai karɓi aikin tara kuɗin wata, domin ni na sanar da Shugaba cewa rubutu kaɗai zan riƙe a shekara mai zuwa. Kowa ya zo da katinsa na biya.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya