Rahoton Ayyukan Shekara: Faɗakarwa Kan Ciwon Dajin Kai Da Wuya A Tawa

Assalamu alaikum, iyayenmu, ƴan uwa mambobi.

Bana ƙarfinmu ya tafi kan abu guda: mutane su gane alamun ciwon tun kafin ya ci jiki. Mun fara ranar 4 ga Fabrairu, ranar yaƙi da ciwon daji ta duniya, a kasuwar Tawa. Daga baya muka bi fadojin matasa da majalisun dattawa, muka leƙa Ƙonni da Madawa.

Duk inda muka zauna maganar ɗaya ce: murya ta dishe ta wuce mako 3, gyambo a baki ko harshe ya ƙi warkewa, kullutu a wuya marar zafi, haɗiya ta gagara, ko hanci ɗaya ya toshe yana jini, to a tafi likita. Ba duka ne daji ba, amma lokotoro ne zai rarrabe. Matsalar ita ce a nan dishewar murya sanyin hunturu ake ce mata, kullutu kuwa wajen wanzami ake kai shi a yi sakiya.

Cewa sigari da giya na jawo ciwon, wannan bai sha musu ba. Inda aka ja da mu shi ne tabar da ake dunƙulewa a kunci da kanwa. Wani dattijo ya ce: "Ɗiyata, ai wannan ba ta da hayaƙi." Ma'aikaciyar jinyarmu ta ce: "Baba, buɗe mu gani." Da fitilar salula ta nuna wa ɗansa farin tabo daidai makwancin tabar. Washegari ɗan ya kai shi asibiti.

Taron 27 ga Yuli, ranar ciwon dajin kai da wuya ta duniya, bai yi armashi ba. Damina ce, kowa na gona. Laifinmu ne da ba mu kai shi dare ba.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne hanya. Tun 2021 ake gashin daji da na'ura, wato ƙone ciwon da haske mai ƙarfi, a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai, amma tsakaninmu ya haura kilomita 500, maganin kuma na makonni ne. Kuɗin mota, masauki, cimar mai jinya: nan mutanenmu ke sarewa su koma gida. Asusunmu bai kai ƙarshen shekara ba, don da yawa cikinmu ba su zuba karo-karo ba.

A babban taro mai zuwa, bironmu zai nemi amincewarku a ware asusun tafiya Yamai daban. Masu bashi su ga ma'aji kafin ranar.

Sakatariyar ƙungiya