Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi Kan Zuriyar Masu Hijirar 1903

Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar III,

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nasara.

Bayan gaisuwa da ban girma, ina kawo koke ne a madadin gidajen da salsalarsu ta rabu biyu tun da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Kowa ya san yadda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita ya nufi gabas, jama'a suna barin gonaki da garuruwa suna binsa, har aka yi gumurzun Burmi ranar 27 ga Yuli, inda ya yi shahada. An kuma san cewa ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutane har Sudan, suka kafa garin da ake kira da sunansa kusa da Sennar.

Abin da littattafai ba su riƙe ba shi ne sunayen talakawan da suka cika wannan ayari. Kakan mahaifina yana cikinsu. Majemi ne mai ɗan karatun allo, ba ɗan sarauta ba, ya tafi da matarsa da babban ɗansa, ya bar na goye a hannun ƙanensa saboda yaron ba zai jure tafiyar ba. Daga wannan yaro muka fito. Shekaru da yawa bayan haka wani alhaji da ya dawo ta ƙasa ya ce ya ga kakan mahaifin nawa yana noma a bakin kogi, iyakar labarin ke nan. A ganina, tarihin da ya tsaya ga sarakuna da fadawa ya tauye haƙƙin mutanen da suka sayar da komai nasu don gudun mulkin Nasara.

Ranka ya daɗe, roƙona shi ne ka umarci hakimai da dagatai su zauna da dattawan kowane gida su rubuta sunayen waɗanda suka tafi, da sana'arsu da unguwarsu, a adana a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, a kai kwafi Gidan Arewa da ke Kaduna. Sannan fada ta tuntuɓi masarautar Mai Wurno domin su ma su tattara nasu, a gwada sunaye da juna. Tsofaffin da suka ji labarin daga bakin waɗanda aka bari a gida sun kusa ƙarewa, don haka aikin na gaggawa ne.

Naka mai biyayya,
Wani tattaɓa-kunnen masu hijira, daga Sakkwato.