Muryar da ta fashe a wurin ɗauka ba ta gyaruwa a ɗakin tacewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da 'yan'uwana masu tace bidiyo, da masu ɗaukar hoto, da kuma masu kawo mana aiki, a kan wata matsala da ta zama ruwan dare a faifan bukukuwa da na wa'azi da shirye-shiryen da ake ɗorawa a YouTube. Hoto yakan fito tas, amma da zarar mai magana ya ɗaga murya sai ka ji tana karcewa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Mai aiki yakan ɗora laifin a kan manhaja ko a kan mai tacewa, alhali kuwa a mafi yawan aikin da ke zuwa hannuna an riga an yi ɓarnar tun kafin katin kyamara ya iso teburina.

Sautin da na'ura ke naɗa yana da rufin da ba ya wucewa, kuma wannan rufi shi ne sifirin da ke saman ma'aunin ƙarar sautin nan mai kore da rawaya da ja. Shi ya sa lambobin da ke ƙarƙashinsa duka suke ɗauke da alamar ragi, irin su -6 da -12 da -18 na desibel, wato awon ƙarfin sauti. Lamarin kamar mudu ne, idan ya cika, duk abin da aka ƙara masa zubewa yake yi, kuma ba a tsince shi. Wanda ya buɗa zanen sautin a manhajar tacewa irin su Premiere Pro ko DaVinci Resolve zai ga kawunan da ya kamata su yi tsini sun baje kamar an aske su da reza, kuma wannan askin ne kunne ke ji a matsayin karcewa.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake fara yi kafin in taɓa komai. Ina rage ƙarar faifan da desibel 6 ko 10, sannan in saurara da abin ji na kunne. Idan karcewar ta ɓace, to a hannuna matsalar take, wato ko na ƙara wa muryar ƙarfi fiye da kima, ko kuma murya da kiɗa da tafi, waɗanda kowannensu shi kaɗai yana ƙasa da rufi, sun haɗu sun ƙetare shi a babban ma'auni, inda duk sautukan ke taruwa. Wannan mai sauƙin magani ne, domin manyan manhajojin tacewa suna riƙe abin da ya haura sifiri har zuwa lokacin da za a fitar da aikin. Idan kuwa jan ya ɓace daga ma'auni amma kunne yana ci gaba da jin karcewar a hankali, to tun a wurin ɗauka muryar ta fashe.

Na ga wannan a wani biki da aka kawo mini. Mai kyamara ya yi dabara mai kyau, ya jawo waya daga mikisar mai kiɗa, wato na'urar haɗa sautuka, zuwa kyamararsa domin ya guje wa hayaniyar taro, sai dai ya soka ta a ramin makirufo. Ƙarfin da mikisa ke fitarwa ya ninka na makirufo nesa ba kusa ba, saboda haka sautin ya fashe tun a bakin ƙofa. Da ya ga ja sai ya rage ƙara a kyamara har ma'auni ya dawo kore, ya ci gaba da aiki hankalinsa kwance. Da na buɗe faifan sai na tarar da kawunan a aske a wajen -10, nesa da sifiri, kuma jawabin uban ango gaba ɗaya a haka ya fito. Da ya mayar da ramin zuwa na layi, wanda aka yi domin sauti mai ƙarfi irin na mikisa, ko da ya sa abin ji a kunnensa na minti ɗaya kawai, da ya kama matsalar kafin a fara.

Shawarata ga masu ɗauka ita ce su bar murya tana yawo a wajen -12, kada mafi ƙarfinta ya wuce -6, kuma su yi gwaji da muryar da mutum zai yi idan magana ta yi zafi. Malamin da ya buɗe da basmala a hankali ba haka zai ƙare ba, kuma guɗa ɗaya ta isa ta kai ma'auni ja. Kada a ji tsoron naɗa ƙasa-ƙasa, musamman a na'urar da ke ɗaukar bit 24 (bit shi ne awon zurfin bayanan sautin da ake naɗa), domin muryar da ta yi ƙasa ina iya ɗaga ta ba tare da wata asara mai yawa ba. Akwai na'urori irin su Zoom F3 masu naɗa da bit 32 waɗanda suka rage wannan fargaba, amma ko su ba sa ceton sautin da ya riga ya fashe a mikisa ko a makirufo marar waya kafin ya iso gare su.

Mu ma masu tacewa muna da namu laifin, domin da yawa daga cikinmu suna cika ƙara har baki a kan zaton cewa bidiyonsu zai fi na wasu amo. YouTube yana auna ƙarar bidiyo gaba ɗayansa, kuma wanda ya wuce kimanin -14 a ma'aunin LUFS, mai auna ƙara yadda kunne ke jin ta, rage shi yake yi, saboda haka amon da aka yi wahalar nema ya tafi, karcewar kuma ta zauna daram. Gidajen talabijin na Turai ma, tun ƙa'idar R128 ta shekarar 2010, a -23 suke tsayawa. Ni dai nakan sa limita, wato abin da ke hana sauti wuce iyakar da aka sa masa, a babban layi in tsayar da ita a -1, saboda matse faifai da ake yi wajen fitarwa da wajen ɗorawa yakan ɗan ɗaga kawunan sauti, sannan in sauke kiɗa sosai a duk inda ake magana.

Za a ce ai akwai manhajojin gyara, kuma gaskiya ne. iZotope RX da Adobe Audition, har da Audacity ta kyauta, suna da abin da ke sake zana kawunan da aka aske. Sai dai kintace suke yi daga abin da ya rage a gefe da gefe, shi ya sa suke iya ɗinke kalma ɗaya ko biyu da suka ɗan taɓa rufi, amma jawabin minti 20 da ya fashe daga farko zuwa ƙarshe sai dai su rage masa kaifi. Jawabin uban angon nan sai da na kwana biyu a kansa, daga ƙarshe da sautin wayar wata ƙanwar amarya da ta zauna kusa da lasifika muka cike rabinsa.

Naka,
Wani mai tace bidiyo, Kano.