Hanyar zuwa Gasar Duniya ta 'Yan Mata a Ƙwallon Kwando ta Faro ne Daga Firamare

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana a kan gasar da ba kasafai ake ganin labarinta da Hausa ba, wato gasar cin kofin duniya ta ƙwallon kwando ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 19, wadda hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ke shiryawa.

An fara gasar a 1985 a Colorado Springs ta Amurka, Tarayyar Sobiyet ce ta ɗauki kofin farko, kuma tun daga 2005 duk bayan shekara biyu ake yin ta. Ƙasashe 16 ke zuwa, a raba su rukuni huɗu, kowace ta yi wasa uku, sannan a shiga zagayen sili ɗaya ƙwale. Wadda aka fitar ma ba ta tafiya gida, tana ci gaba da wasannin tantance matsayi, don haka kowace tawaga wasa bakwai take yi cikin kwana tara. Amurka ta fi kowa ɗaukar kofin. Ita ta ci na 2023 a Madrid da na 2025 a Brno ta Jamhuriyar Czech. Afirka gurbi biyu gare ta, kuma ana samun su ne a gasar 'yan ƙasa da 18 ta nahiyar, shekara guda kafin ta duniya. A 2024 a Pretoria, Mali ta doke Najeriya a wasan ƙarshe, su biyun suka tafi Brno, inda 'yan matanmu suka buɗe da doke China.

Mali ce ya kamata ta tsaya mana a rai. A 2021 a Debrecen ta Hungary sun kai wasan kusa da na ƙarshe, suka ƙare a matsayi na huɗu a duniya, aka sa 'yar wasansu Sika Koné cikin gwanaye biyar na gasar. Ƙasar Sahel ce, mafi yawan mutanenta Musulmi, ba ta fi mu kuɗi ba, zafin Bamako kuwa bai gaza na Kaduna ba. Abin da suka riƙe shi ne matakin ƙasa: tun 2009 da aka fara gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 16 suka yi ta ɗaukar kofin a jere shekaru da dama. Yarinyar da ta isa tawagarsu ta 'yan ƙasa da 19 ta riga ta saba da abokan wasanta tun suna ƙanana. Mu kuwa manyanmu D'Tigress, babbar tawagar mata ta Najeriya, sun ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, sun kai kwata fainal a Olamfik ta Paris a 2024 a ƙarƙashin koci Rena Wakama, abin da babu wata tawagar Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa yi. Abin alfahari ne ƙwarai. Amma da yawa daga cikinsu a makarantun Amurka suka samu horo, kuma wannan hanya tana da iyaka, domin dokar FIBA 'yar wasa ɗaya tak ta yarda wa ƙasa ta sa daga cikin waɗanda suka karɓi fasfonta bayan sun cika shekara 16.

To, Malam Edita, mu ƙirga shekaru da baya. FIBA da shekarar haihuwa take aiki. Gasar 2025 ta waɗanda aka haifa daga 1 ga Janairun 2006 ce. Ta 2029 za ta zama ta haihuwar 2010 zuwa sama, ta 2031 ta haihuwar 2012. Wato yaran da za su sa rigar Najeriya a waɗannan gasa suna nan yanzu a ajujuwan sakandare a Tudun Wada, Sabon Tasha, Rigasa, Zariya da Kafanchan. Wadda ba ta fara taɓa ƙwallo ba sai tana 16, ko tsawonta ya kai ƙofar zaure, da wuya ta kamo wadda ta fara tana 11. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abu na farko da ke kayar da yaranmu ba a fili yake ba, a takarda yake. Yarinya tana buƙatar takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, lambar NIN, fasfo, katin rigakafin shawara, da takardar amincewar iyaye, domin ƙaramar yarinya ba a yi mata fasfo ko biza sai da sa hannunsu. Inda ake samun cikas shi ne saɓani: a makaranta A'isha, a NIN Aishatu, a takardar haihuwa Maris, a rajistar jarrabawa Mayu. Gyaran irin wannan yana cin makonni, kiran sansanin horo kuwa sau da yawa ba ya ba da wannan lokaci, sai a ɗauki wadda takardunta suka cika. Duk kocin da ya karɓi yarinya, ranar farko ya buɗe mata fayil, ya jera takardun nan, ya tabbatar suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne harafi da harafi. Rage shekaru kuma mu faɗi gaskiya, cuta ce. 'Yar shekara 21 da aka rubuta 16 za ta fi ƙarfin yara a gasar makarantu ba tare da ta koyi komai ba, ta tare gurbin mai hazaƙa ta gaske, ranar da ta gamu da tsararrakinta kuma sai a ga babu abin da ta iya sai ture mutane.

Sai fili. Na FIBA tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa 15, da sararin mita biyu a kewaye wanda babu bango ko benci. Zoben kwando yana mita 3.05 daga ƙasa, faɗin bakinsa santimita 45. Layin jifan kyauta mita 5.80 ne daga layin ƙarshe, layin maki uku kuwa mita 6.75 daga tsakiyar kwando. A nan mutane ke tuntuɓe: kafin 2010 layin maki uku 6.25 ne, kuma akwatin da ke ƙarƙashin kwando mai faɗin gindi ne, yanzu ya koma miƙaƙƙe mai faɗin mita 4.90. Duk filin da aka zana kafin wannan shekara ba a sake shi ba, yana koya wa yara jifa daga inda maki biyu ne kawai a gasa. Rabin mita ba wasa ba ne a hannun yarinya. Tef ɗin awo, igiya, ƙusa da galan ɗin fenti sun isa a gyara shi a wuni guda. A auna zoben ma, domin wanda samari suka yi ta rataya a kai yakan sunkuya, wanda mai walda ya kafa da ido kuma yakan haura ko ya gaza.

Ƙwallon mata lamba 6 ce, ta maza lamba 7, wadda ta fi girma da nauyi. Makarantu sukan sayi lamba 7 don kowa ya yi amfani da ita. Yarinya 'yar 12 da aka ba wannan ƙwallo ba za ta iya kai ta kwando da wuyan hannu ba, sai ta cillo ta daga ƙirji da hannu biyu, ko ta murɗa kafaɗa, kuma hannun da ya saba haka cire masa ɗabi'ar ya fi koyar da sabo wuya. 'Yan ƙasa da 12 lamba 5 ta dace da su, da zobe ƙasa-ƙasa in da hali. A filin siminti a sayi ta roba, ta fata ba ta daɗewa a kai. Kuma ƙwallo ɗaya ga yara ashirin layi ne, ba horo ba. Aƙalla a samu ɗaya ga kowane yara biyu.

Abin da ya fi bambanta wasan makarantunmu da na gasar duniya shi ne agogo. Wasa zango huɗu ne, kowane minti 10, ana tsayar da agogo duk sanda aka busa. Tawaga tana da daƙiƙa 24 ta yi jifa da zai taɓa zobe, daƙiƙa 8 ta tsallaka da ƙwallo rabin fili, in kuma ta cafe ƙwallon da ta dawo daga zoben abokan hamayya sai a ba ta 14. Yaran da suka tashi babu wannan ƙirge sukan yi wasa a natse kamar rana ba za ta faɗi ba. Ran da suka gamu da tawagar da ke matsa musu tun daga ƙarƙashin kwandonsu, sai ka ga ƙwallo na zubewa, maki goma sun tafi cikin minti biyu. Ba sai an sayi allon lantarki ba. Mutum ɗaya ya zauna a teburi da agogon waya da usur, ya riƙa ƙirga goman ƙarshe da ƙarfi. Haka laifi: biyar ke fitar da 'yar wasa, kuma daga laifi na biyar na tawaga a zango ɗaya abokan hamayya jifan kyauta biyu suke samu. In alƙalan wasan yara suna kau da kai daga riƙe riga da dukan hannu don kada a ɓata wa malamai rai, yarinyar za ta je waje ta tara laifi uku kafin hutun rabin lokaci.

Muna kuma roƙon kocinmu su daina tsaron yanki, wato kowace yarinya ta tsare wani wuri a fili maimakon ta bi mutum, ga 'yan ƙasa da 14. Yana kawo nasara a gasar makarantu saboda yara ba su iya jifa daga nesa ba, amma yana fitar da yarinyar da ba ta san yadda ake bin mutum da ƙafa ba. Kowa ta riƙe tata. Doguwa ma a koya mata tafiya da ƙwallo da hannun hagu da na dama, kada a dasa ta ƙarƙashin kwando kamar turke; wadda ta fi kowa tsawo a unguwar Kawo, a Brno matsakaiciya ce.

Raunin gwiwa, musamman tsinkewar jijiyar da ke riƙe ta daga ciki, ya fi yawa ga 'yan mata fiye da samari a irin wannan wasa, kuma yakan faru ne wajen dira daga tsalle ko juyawa da sauri, gwiwa ta karkata ciki. Minti 15 na farkon kowane horo a ba wa wannan: tsuguno, tsayuwa da ƙafa ɗaya, tsalle da dira a kan ƙafa biyu gwiwoyi a lanƙwashe suna kallon yatsu. A share tsakuwa da ƙurar hunturu kafin a fara, da damina kuma kada a yi wasa a jiƙaƙƙen siminti. Yarinyar da ke saurin haki fiye da ƙawayenta, kafin a ce mata raguwa a kai ta a auna jininta, domin ƙarancin jini ba baƙo ba ne ga 'yan mata masu tasowa.

Ga iyaye, tambayar farko ita ce sutura, kuma suna da gaskiya. A 2014 tawagar matan Qatar ta janye daga wasannin Asiya a Incheon saboda an hana su rufe kai. A 2017 FIBA ta sauya doka. Yanzu an yarda, muddin abin rufe kan bai rufe fuska ba, babu fil, maɓalli ko zif a wajen fuska da wuya, babu abin da ke reto, kuma launi ɗaya duk tawagar za ta sa. Ana kuma sa matsattsiyar riga mai dogon hannu da dogon wando a ƙarƙashin kayan wasa. Telan unguwa zai iya ɗinka wannan da yadi mai miƙewa. Sauran abin da ke kwantar da hankalin uba shi ne mace babba a wurin horo da kowace tafiya, tashi kafin magariba, da jadawalin da bai ci lokacin Islamiyya ko na coci ba. Yammacin Alhamis da Juma'a, da yawancin Islamiyyu ke hutu, sun dace. A tuna kuma gasar duniya a tsakiyar shekara take faɗowa, ta 2025 a Yuli aka yi, daidai lokacin jarrabawar NECO, don haka 'yar ajin ƙarshe sai an tsara mata tun farkon shekara.

Kaduna ba baƙuwar wannan wasa ba ce. A Zariya Masai Ujiri ya tashi, a hannun koci Oliver Johnson na Jami'ar Ahmadu Bello ya fara, Ujiri ne kuma ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da suka ɗauki kofin NBA, babban lig ɗin ƙwallon kwando na Amurka, a 2019. Muna da zauren wasanni a filin wasa na Ahmadu Bello, akwai gasar Milo ta makarantun sakandare, akwai gasar matasa ta ƙasa, akwai lig ɗin mata na Zenith. Abin da ya yi ƙaranci shi ne yawan wasa. Gasar mako ɗaya a shekara tana ba yarinya wasa uku ko huɗu, alhali tawagar da za ta je duniya wasa bakwai ke jiranta cikin kwana tara.

Roƙonmu ga ma'aikatun ilimi da wasanni na jiha da ƙungiyar ƙwallon kwando shi ne lig na makarantun 'yan mata, na 'yan ƙasa da 14 da na 'yan ƙasa da 16. Makarantu takwas a shiyya, gida da waje, wasa 14 ke nan ga kowace, 56 gaba ɗaya, daga Nuwamba zuwa Maris lokacin da babu ruwa. Shiyyar Zariya, ta Kaduna, ta Kafanchan, zakarun su haɗu a zauren Ahmadu Bello. Makarantar da ba ta da yara 12 ko cikakken fili ta fara da wasan uku da uku: rabin fili, kwando ɗaya, yara huɗu, minti 10 ko wadda ta riga kai maki 21. A kowane wasa a rubuta maki, laifi, tsawo da ranar haihuwar kowace yarinya, a ajiye, don mai zaɓen tawagar ƙasa ya samu abin dubawa. Ku kuma, Malam Edita, muna roƙon ku ware ɗan gurbi a shafin wasanni kowane mako ku riƙa buga sakamakon da sunayen makarantun.

Mun gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wasu malaman motsa jiki da masu horar da ƙwallon kwando,
Kaduna.