Wa ya ba da umarnin? Ƙorafi kan shirinku na gaskiya da riƙon amana a wurin aiki

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ban ji daɗin shirinku na rediyo na ranar Lahadi ba ko kaɗan, kuma gara in faɗa muku kai tsaye. Kusan awa guda baƙon nan naku ya kwashe yana yi wa ƙananan ma'aikata wa'azi: akawu ya ji tsoron Allah, direba ya ji tsoron Allah, maigadi ya daina barci a bakin aiki, masinja ya daina ƙarya. Ko sau ɗaya bai ambaci mutumin da ke zaune a sama yana yanke wa waɗannan bayin Allah abin da dole su kawo a ƙarshen wata ba. Shi kuwa mai gabatarwa ba abin da yake cewa sai "haka ne, haka ne". Da wata baiwar Allah ta bugo waya ta ce to idan oga ne ya sa ka fa, sai baƙon ya ce wai ai kowa da hankalinsa, ba wanda aka ɗora wa wuƙa a wuya. Wannan amsar ce ta ɓata mini rai har na zauna rubuta muku takardar nan. An bar jaki ana dukan taiki, kuma da ku aka yi.

Ni na ga wuƙar da yake cewa babu ita. Na daɗe ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya, ni ke riƙe da takardun gareji. Ƙa'idarmu a rubuce take: babbar mota ba ta fita sai makanike ya duba ta, ya cike takardar dubawa, ya sa hannu. Takarda ce mai layi-layi, birki, tayoyi, fitilu, sitiyari, mai, ruwa, kowanne da gurbin da za a sa alama. Shugaban makanikanmu dattijo ne da ya san aikinsa, in mota ta shigo daga ƙarar injin kaɗai yake gaya maka ciwonta. Ya sha rubuta takardar neman kayan gyaran birki na wasu motoci, ni da hannuna nake kai wa ofishin manaja, kullum amsa ɗaya ce: a jira wata mai zuwa, an yanke kasafin gyara. Su kuwa masu kamfani sun ɗora wa manaja adadin lodin da dole a kai kowane mako, alawus ɗinsa na ƙarshen shekara a kan wannan adadin ya rataya.

To ga yadda ake ba da umarni a irin wannan wuri, tunda baƙonku bai sani ba. Manaja bai taɓa cewa "ka sa hannun ƙarya" ba. Bai taɓa rubuta komai ba. Zai zo ya tsaya a ƙofar gareji, makullin motarsa a hannu, ko kusa da teburin takardu ba ya zuwa, ya ce, "Baba, motar nan yau za ta tashi. Ka san yadda za ka yi." In dattijon ya ce birkin bai kai ba, sai ya yi murmushi ya ce akwai samari da yawa a waje da ke neman aikin nan, shi ba ya son abin da zai raba su. Shi ke nan, ya juya ya tafi. Ina gani dattijon nan zai daɗe riƙe da biro, yatsunsa duk baƙin mai, ya ɗaure abin da zai ɗauru, ya ja direba gefe ya ce masa ya bi a hankali a gangara, sannan ya sa hannu. Mutum ne mai iyali da yawa, ga 'ya'ya a makaranta, shekarunsa sun wuce na neman sabon aiki. Ku gaya mini in wannan ba wuƙa ba ce a wuya.

Ranar da abin ya faru, birki ya ƙwace wa ɗaya daga cikin motocin. Allah ya taƙaita ba a rasa rai ba, amma direban ya karye a ƙafa, bai ƙara tuƙi ba. Aka kafa kwamiti. Abin da kwamitin ya fara nema shi ne takardar dubawa, ga ta kuwa da sa hannun dattijo ɓaro-ɓaro. Kafin mako ya zagayo an ba shi takardar tuhuma, an bi ta da ta sallama, ba ko sisin haƙƙinsa na shekarun da ya yi. Aka manna sanarwa a allo cewa kamfani ba zai lamunci sakaci da rayukan jama'a ba. Manajan da ya tsaya a ƙofa shi ya sa hannu a sanarwar. Kusa da allon akwai wani gilashi da aka rubuta manufofin kamfani da manyan baƙaƙe, gaskiya da amana da kiyaye lafiya, kullum da safe ana goge shi.

Ni kuma aka kira ni gefe aka ce in "gyara" fayil, wato in zare takardun neman kayan birki da dattijon ya rubuta, don kada su rikita kwamiti. Na ƙi. Na ce takardun suna da lamba a jere, kuma ba zan taɓa su ba. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kore ni. Sai dai aka ɗauke ni daga gareji aka mayar da ni wani tebur da ba a yin komai, ƙarin girma ya riƙa tsallake ni, waɗanda muke cin abinci tare suka fara kallon gefe in na shigo. Kwamitin bai taɓa buɗe fayil ɗin ba. Kuma in gaya muku, na iya ƙi ne saboda a lokacin nauyin da ke kaina kaɗan ne, ina da 'yar sana'a a gefe da zan koma mata. Dattijon ba shi da wannan. Duk wanda zai zo rediyo ya auna mu biyu da mudu ɗaya, ya ce ni mai gaskiya shi maras gaskiya, bai yi adalci ba.

Kada ku ce ai wannan kamfani ɗaya ne na faɗa hannunsa. A 2016 asirin bankin Wells Fargo na Amurka ya tonu, aka gano ma'aikatansa sun buɗe asusu kusan miliyan 2 da sunan abokan hulɗa ba tare da saninsu ba, daga baya ƙidayar ta kai miliyan 3.5. Me ya kai su? An ɗora musu cewa kowane abokin hulɗa sai an sayar masa da hajar banki har iri takwas, wanda bai cika adadinsa ba yana cikin barazanar kora. Bankin ya sallami ma'aikata kusan 5,300, mafi yawansu ƙanana, aka ci shi tarar dala miliyan 185. Mutum 5,300 ba sa tashi rana ɗaya su zama maƙaryata a rassa daban-daban, sai in akwai abin da ke tura su daga sama. Sai da 'yan majalisa suka tasa shugaban bankin, John Stumpf, a gaba da tambayoyi sannan ya sauka a watan Oktoba na shekarar, kuma sai a 2020 hukuma ta haramta masa aikin banki ta ci shi tarar dala miliyan 17.5. Su ƙananan tuni sun daɗe a gida da tabo a takardunsu.

Haka kamfanin Volkswagen ya yi a 2015, da aka kama shi ya saka wa motoci kusan miliyan 11 manhajar da ke yaudarar na'urar gwajin hayaƙi. Shugaban reshensa na Amurka ya tsaya gaban majalisa ya ce wasu injiniyoyi ƙalilan ne suka yi abinsu, ba shawarar kamfani ba ce. Motoci miliyan 11, shekara da shekaru, wai 'yan injiniyoyi ne kawai.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Bangaladesh. Ranar 23 ga Afrilun 2013 aka ga bangon ginin Rana Plaza ya tsattsage, bene mai hawa takwas a Savar, kusa da Dhaka. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe. Su kuwa masu ɗinkin tufafi da ke sama aka ce su koma bakin aiki washegari, aka yi wa wasu barazanar hana su albashi. Suka koma. Ginin ya rufta da safiyar 24 ga wata, mutum 1,134 suka mutu, kusan 2,500 suka ji rauni, yawancinsu mata. Su ma ai kowa da hankalinsa, ko ba haka baƙonku ya ce ba? Su ma ba a ɗora musu wuƙa a wuya ba? Sun ga tsagar da idonsu, sun ji tsoro, amma albashin wata ne a gefe guda, yunwar 'ya'ya a ɗaya gefen. Kayan da suke ɗinkawa kuwa na manyan kamfanonin Turai da Amurka ne da ke matsa wa a kawo da wuri kuma da arha, waɗanda da farko wasunsu cewa suka yi ba su ma san a nan ake yi musu ɗinki ba.

Ban ce ƙaramin ma'aikaci waliyyi ba ne. Na ga direban da ke sayar da man mota, na ga ma'ajin da ke rage kaya. Wannan sata ce, mai yinta ya ɗauki laifinsa shi kaɗai. Dattijon ma, a ganawarmu ta ƙarshe, da bakinsa ya ce mini hannunsa ne a takardar, kuma ƙafar yaron nan tana damunsa fiye da aikin da ya rasa. Shi ya ɗauki rabonsa na alhaki, har ya ɗauki na wasu. Abin da nake ƙi shi ne a haɗa wanda ya saci na kamfani don cikinsa da wanda aka matse ya cuci jama'a don aljihun kamfani, a kira su duka marasa amana, a tashi taro. Baƙonku ya jawo hadisai da dama a kan amana, madalla, amma ya tsallake wanda ke cewa kowannenku makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, wanda a cikinsa shugaba aka fara ambata. Wanda ya yanke kasafin gyara ya bar adadin lodi yadda yake, ya san sarai abin da zai biyo baya. Bai sa hannu a takardar birki ba, amma shi ya tsara yadda dole wani ya sa. Ribar ta hau sama wurinsa, haɗarin ya gangaro kan direba, tuhumar ta sauka kan makanike.

Kuma irin shirin nan naku yana da illa, ba maganar fatar baki ba ce kawai. Manajoji suna sauraro. Gobe wani zai tara ma'aikatansa ya ce kun dai ji abin da malam ya faɗa a rediyo, ya ƙara musu adadi, ya koma ofis da zuciya wasai. Ƙaramin ma'aikacin da ke cikin matsi kuwa abin da ya koya daga gare ku shi ne in abu ya ɓaci shi kaɗai ne, har masu wa'azi ba sa bayansa. Sai ya ƙara yin shiru.

Don haka ina roƙon ku sake shirin, amma wannan karon ku gayyato mai kamfani ko babban manaja, ku zaunar da shi ku tambaye shi abin da ba ku tambayi kowa ba ranar Lahadi. In ma'aikaci ya ce masa abin nan ba zai yiwu ba sai da ha'inci, me yake yi, yana rage adadin ne ko yana canza ma'aikacin? Me ya sa umarnin da ya fi haɗari ba a taɓa ba da shi a rubuce? Wa ma'aikaci zai kai wa ƙara in ogansa ne matsalar, kuma mutum nawa ne suka kai irin wannan ƙarar suka ci gaba da aiki lafiya har aka ƙara musu girma? In an kafa kwamitin bincike, wa ke zaɓen 'yan kwamitin? Ku haɗa shi da wakilin ƙungiyar ƙwadago da lauyan da ya san dokar aiki, don masu sauraro su ji haƙƙinsu, su kuma ji amfanin ajiye kwafin duk takardar da suka rubuta suna gargaɗi. Sannan ku nemo baiwar Allahn nan da ta bugo waya, ku bar ta ta ƙarasa maganarta, don katse ta aka yi tana tsakiyar bayani.

Tunda na riga na ɗauki biro, bari in ƙara da wannan. Kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin muryar masu magana ya yi ƙarfi, musamman lokacin karanta saƙonni. Mahaifiyata jinta ya ragu, tana son shirye-shiryenku, amma sai ta riƙa tambayata me aka ce. Na taɓa aiko muku da saƙo a kan haka ba a karanta ba. Don Allah a gaya wa mai kula da na'ura ya rage shi, ko a cire shi gaba ɗaya in ana magana.

Na gode. Ina sauraron ranar da za ku sa shirin.

Naku,
Mai sauraronku, tsohon ma'aikacin gareji